Tambaya da Amsa: Waɗanne kifaye zan haɗa a ƙaramin akwatin gilashi, kuma me zan riƙa ba su?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam. Na sayi akwatin gilashi na kiwon kifin ado mai cin lita 60, da filta da fitila. Yau kwana 8 kenan da na saka kifin zinare guda 2 a ciki, sai naga ruwan ya fara yin fari-fari kamar an ɗiga madara. Ina so in ƙara beta namiji guda ɗaya saboda kyan jelarsa, da niyon tetira, da wannan baƙin kifin mai lasar gilashi da ake cewa yana share akwati. Za su zauna lafiya tare? Sannan abinci ɗaya zai ishe su duka? Sau uku nake ba su a rana.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Naji daɗi da ka tambaya kafin ka saya, domin yawancin mutane sai kifin ya fara mutuwa suke zuwa neman dalili. A taƙaice dai a'a, waɗannan guda huɗun ba za su zauna tare a lita 60 ba, kuma dan Allah a yanzu kada ka ƙara ko da kifi ɗaya sai ruwan nan ya daidaita.

Bari mu fara da farin ruwan, don shi ne abin gaggawa. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta wurin numfashinsa da kuma kashinsa, ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasa shi ma amoniya yake zama, kuma guba ce mai ƙone masa wurin numfashi. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da suke zama a cikin soson filta, su ne suke juya amoniyar zuwa wani sinadari da shi ma guba ne, sannan wasu su sake juya wannan zuwa na uku mai sauƙi wanda canjin ruwa ke rage shi. To waɗannan ƙwayoyin ba sa yawaita a kwana 8, suna ɗaukar kamar sati 4 zuwa 6, kaga kenan akwatinka har yanzu jariri ne. Farin da kake gani wasu ƙwayoyin ne daban suka samu abinci ya yi yawa a ruwa suka hayayyafa, da kansa zai washe in ka rage abinci. Ka riƙa canza kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk bayan kwana biyu a wannan watan, ka saka maganin cire kilorin a sabon ruwan famfo kafin ka zuba, kuma ka nemi abin gwajin ruwa na amoniya, sai ya nuna sifili kwanaki a jere ake maganar ƙarin kifi. Abu ɗaya da nake roƙonka, kar ka wanke soson filta a bakin famfo, kilorin zai kashe ƙwayoyin da kake jira, ka matse shi kawai a cikin tsohon ruwan da ka ɗebo daga akwatin.

Yanzu kifin zinare. Mutane suna ganinsa ɗan ƙarami a shago su ɗauka haka zai tsaya, alhali ɗa ne. Mai gajeren jiki da jela biyu yana kai santimita 15 zuwa 20, mai dogon jikin kuma yana iya kai 30, kuma in ya samu kulawa yana wuce shekara 10 a raye. Asalinsa daga ƙasar Sin ne kuma ruwa mai ɗan sanyi yake so, kamar digiri 18 zuwa 22, su kuwa beta da niyon 'yan ruwan ɗumi ne, 24 zuwa 27. Duk inda ka tsayar da zafin ruwan wani ne zai wahala. Ga shi da yawan kashi don ba shi da tumbi irin na sauran dabbobi, abinci wucewa kawai yake ta hanji, shi yasa kullum kamar mai jin yunwa. Sannan ranar da bakinsa ya isa ya haɗiye niyon, zai haɗiye shi, ba mugunta bace, haka kifi yake, duk abin da ya shiga baki abinci ne. Don haka zaɓi biyu ne a gabanka, ko dai ka riƙe su biyun su kaɗai ka fara shirin babban akwati na lita 120 ko sama cikin 'yan watanni, ko ka ba wanda yake da babban wuri ka mai da lita 60 ɗin nan na ƙananan kifayen ruwan ɗumi. Ni da nine na biyun zan yi.

Shi kuma mai lasar gilashi, fuleko ake ce masa, ka manta da shi gaba ɗaya. Wanda aka fi sayarwa yana wuce santimita 30, kashin da yake yi ya fi gansakukar da yake ci yawa, kuma an sha ganin yana manne wa kifin zinare da dare yana tsotsar santsin jikinsa. Babu wani kifi da yake share akwati, kai ne mai sharar. In gansakuka ce ta dame ka ka rage kunna fitila zuwa awa 6 ko 8 a rana, ka saka dodon koɗi irin na nerait guda biyu, ba ya cika akwati da 'ya'ya a ruwan daɗi.

To me za ka saka? Kafin ka ɗauki kowane kifi ka tambayi kanka girman da zai kai in ya manyanta, da zafin ruwan da yake so, da halinsa, da kuma inda yake zama, sama ko tsakiya ko ƙasa. Launi shi ne abu na ƙarshe da ake dubawa, duk da na san shi ne yake fara ɗaukar ido.

A lita 60 haɗin da na fi so shi ne niyon tetira guda 8 a tsakiya da ƙananan koridoras guda 6 a ƙasa, shikenan, akwati ya cika. Niyon daga kogunan yankin Amazon yake, bai wuce santimita 4 ba, kuma ɗan garke ne, in ka sayi biyu ko uku za ka gansu a maƙale bayan filta launinsu ya dushe, amma in sun kai 8 sai su fito su riƙa juyawa tare layin nan mai shuɗi yana walƙiya. Sai dai ba ya jure sabon ruwa, shi ake sakawa daga baya. Koridoras kuma dangin tarwaɗa ne 'yan ƙanana, ka nemi masu ƙaramin jiki irin wanda ake kira fanda, suna da ɗan gashin baki da suke tona ƙasa da shi, saboda haka yashi mai laushi za ka shimfiɗa musu, tsakuwa mai kaifi tana cinye gashin. Wani lokaci za ka ga ɗaya ya taso a guje zuwa sama ya haɗiyi iska ya koma ƙasa, kar ka tsorata, ɗabi'arsu ce, sai in abin ya yi yawa sosai ne za ka duba ko iska ta yi ƙaranci a ruwan.

In kuma beta ne ya shiga ranka, to ka gina akwatin a kansa. Namiji ɗaya tak, maza biyu faɗa za su yi har ɗaya ya illata. Daga Tailan da maƙwabtanta yake, yana shaƙar iska daga saman ruwa, ba ya son filta mai ƙarfin turo ruwa domin doguwar jelar nan nauyi take masa, kuma yana tsalle, sai da murfi. Yana zama da koridoras da dodon koɗi lafiya lau. Da niyon kuwa sa'a ce, wani beta ba ruwansa, wani zai yi ta korarsu, wani lokacin ma su ne za su riƙa tsakurar jelarsa. Kar ka haɗa shi da namijin gufi, wani ƙaramin kifin ado mai launi da faffaɗar jela, launi da jelar gufi suna sa ya ɗauka abokin gaba ne.

Gufi shi ma zaɓi ne mai kyau ga mai farawa, amma ka sani haihuwa yake ba ƙwai ba, mace tana sauke 'ya'ya kusan duk wata kuma tana adana maniyyin namiji ta ci gaba da haihuwa ko an raba su, cikin wata uku sai ka rasa inda za ka sa su. Maza zalla guda 6 ya fi maka kwanciyar hankali.

Akwai kuskuren da na taɓa yi farkon farawata wanda har yanzu in na tuna ba na jin daɗi. Na saka wani ƙaramin kifi mai zane da ake kira taiga bab guda uku a cikin gufina saboda zanensu ya burge ni, mai shagon ya ce min ai duk ƙananan kifi ne ba matsala. Washegari da safe na kunna fitila naga gufin da na fi so a can saman lungu, jelarsa ta zama kamar tsumman da aka yayyaga, yana ta karkarwa. Ban sake haɗa kifi ba tare da na binciki halinsa ba. Kifin da ake kira anjal ma haka, yana da kyau amma ya fi ƙarfin akwatinka kuma in ya girma niyon abincinsa ne.

Sai abinci. Ka kalli bakin kifin zai faɗa maka abin da yake buƙata. Wanda bakinsa ya kalli sama kamar beta da gufi a saman ruwa yake ci, abinci mai yawo a sama za ka ba shi. Niyon bakinsa a gaba yake, yana kama abin da ke nitsewa a hankali, sai ka murmushe masa busasshen abincin da yatsa don bakin ƙarami ne. Koridoras bakinsa a ƙasa, shi yake buƙatar ƙwayar abinci mai nitsewa, kuma gara ka jefa masa dab da kashe fitila. Mutane da yawa suna barinsa da ragowar na sama wai zai tsince, haka yake ramewa a hankali ba a lura ba. Kaga abinci ɗaya ba zai wadatar ba, aƙalla biyu kake buƙata, mai yawo da mai nitsewa.

Beta maci ƙwari ne, ka saya masa ƙwayar da aka yi dominsa mai yawan furotin, ƙwaya 3 ko 4 sau biyu a rana ta ishe shi. In za ka sayi kowane abinci ka juya gwangwanin ka karanta, abin da aka fara lissafawa ya zama garin kifi ko jatan lande, in garin alkama ne a farko to ciko ne ya fi yawa. Sau ɗaya ko biyu a sati ka canza musu baki da daskararriyar jar tsutsa ko ƙananan ƙwarin ruwa, ka narkar da ita a ɗan ruwan akwatin tukuna. Burodi da biskit kar su shiga ruwan nan, kumbura suke su ɓata ruwa. Kifin zinarenka kuwa, muddin yana hannunka, ƙwaya mai nitsewa ta fi masa, tare da ɗan ganye ko koren wake da aka dafa aka ɓare bayansa, yana taimaka masa wajen kumburin ciki.

Ba su abinci sau uku a rana ya yi yawa. A wannan watan ka koma sau ɗaya, daga baya sau biyu, kuma abin da za su cinye cikin minti 2 kawai, ka tsaya ka kalla, in wani abu ya rage a ƙasa ka zuƙe shi da tiyo, gobe kuma ka rage abincin. Za su riƙa tahowa gaban gilashi duk sanda ka wuce kamar ba su ci komai ba, kar tausayi ya ja ka, sabo ne. Ni ina barin nawa rana ɗaya a sati ba abinci, kuma babban kifi mai lafiya yana yin kwana 3 ba komai in ka yi tafiya. Ka sayi ƙaramin gwangwani, ka rufe shi sosai a busasshen wuri, don bayan an buɗe da 'yan watanni sinadaran bitamin ɗinsa suna raguwa.

In lokacin ƙarin kifi ya yi, kar ka zuba su duka rana ɗaya, rukuni ɗaya ka saka ka jira sati biyu. A shago ka duba jikinsu da kyau, in ka ga fararen ɗigo kamar an yayyafa gishiri ko mataccen kifi a akwatin da suke, ka haƙura ranar. Da ka dawo gida ka ajiye ledar a saman ruwan minti 15 zuwa 20 zafin ya daidaita, ka ɗan riƙa ƙara ruwanka a ciki, sannan ka kwashe su da raga ka zubar da ruwan ledar a waje. In ka samu abin gwajin nan ka turo min abin da ya nuna bayan sati biyu, da shawarar da ka yanke kan kifin zinaren, sai mu ga wanda za ka fara sakawa.