Feshin yashi a gareji: wace iska mai aikin yake shaƙa?

Tambayar farko daga wani mai garejin walda ce a wajen Ringim. Ya ce ya samu aikin cire tsatsa daga tankunan ruwa da bodin tirelar tarakta ta hanyar fesa musu yashi da ƙarfin iska, yana da kwampreso mai shan dizal, yaronsa da ke feshin yashin takunkumin yadi yake sawa ya naɗe fuska da rawani. Wani mai kaya a Kano ya nuna masa hular kwano mai tiyon kawo iskar numfashi ya ce kawai ya jona ta a jikin kwampreson nan nasa. Shin ya saya haka, ko sai ya ƙara da injin iska daban?

Malam, hular kam ka saye ta, kuma kafin ta iso dan Allah a dakatar da aikin. Yashin nan idan ya daki ƙarfe farfashewa yake, ƙurar silika (ma'adinin da ke cikin yashi) ta tashi, wadda take kai wa can cikin huhu ta fi ƙwayar yashi ƙanƙanta aƙalla sau 100, ido ba ya ganinta balle rawani ya tare ta. Idan ta zauna a huhu sai wajen ya yi tabo ya ƙandare, shi ne ciwon silikosis, kuma har yau ba a samo maganin da ke warkar da shi ba. Na taɓa tsayawa a wani gareji ina kallon wani matashi ya gama feshi ya cire rawaninsa, girarsa da gashin hancinsa fari fat kamar wanda ya fito daga injin niƙa, ya yi kaki ya tofar sannan ya ɗauki shayinsa, wallahi abin bai bar raina ba har yanzu.

Amma maganar a jona tiyo kai tsaye a kwampreso, nan ne ban yarda ba sam. Kwampreso mai amfani da baƙin mai yana turo tururin mai da ruwa cikin iskar, idan kuma ya yi zafi sosai man yana ƙonewa ya ba da kabon monoksaid, ko bakin da yake zuƙar iska ya janyo hayaƙin salansarsa ko na janareton da ke gefe. Wannan gas ɗin ba shi da wari ba shi da launi, mutum zai fara jin ciwon kai da jiri ya zata rana ce, sai ya yanke jiki ya faɗi da hula a kansa, kai kuma kana waje ƙarar inji ta hana ka jin komai. Idan a cikin tanki yake kuwa sai dai Allah ya kiyaye.

Hanya biyu ce a gabanka. Ta farko ka ci gaba da kwampresonka amma ka sa filta ta iskar numfashi tsakaninsa da hular, sannan ka haɗa da na'urar da ke ƙara idan kabon monoksaid ya yi yawa. Ka riƙe wannan da kyau domin masu kaya ba kasafai suke faɗa ba: filtar gawayi tana cire mai da ruwa da wari, amma ba ta cire kabon monoksaid. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce kada ya wuce kashi 10 cikin miliyan, a nan ake saita ƙararrawar. Ta biyu ka sayi ƙaramin famfon iska marar amfani da baƙin mai, wanda aikinsa kawai ya ɗebo iskar waje ya tura cikin hula. Ni a gareji irin naka ta biyun nan zan zaɓa, ba ta da yawan ɗawainiya, sai dai famfon ba ya tace gas, abin da ya zuƙa shi zai bayar, don haka a ajiye shi a inuwa ta ɓangaren da iska ke busowa, nesa da janareto da ƙurar aikin. Ka tabbatar hular irin wadda ke aiki da ƙaramin matsi ce, kuma famfon yana ba da aƙalla lita 170 a minti ɗaya, ƙasa da haka ƙura za ta riƙa kutsowa ta wuya. Tukunyar oksijin ta walda kuwa kar ma a kusanto da ita, oksijin zalla ya haɗu da mai ko tartsatsi gobara ce a fuskar mutum.

Wani kuma daga Bichi ya ce yashin rafi kyauta yake ɗebowa, me zai sa ya sayi na buhu?

Ɗan'uwa, yashin rafin shi ne tushen matsalar, kusan duk silika ne. Ingila ta hana feshi da shi tun 1949, Turkiyya ma ta hana fesa wa wandunan jins yashi a 2009 bayan samari masu aikin sun yi ta mutuwa. Ka nemi ganet (garin wani irin dutse da ake feshi da shi) ko garin kwalba ko tsakin ƙarfe, shi tsakin ƙarfe ana tattarawa a sake amfani da shi sau da yawa. Ko da ka canza yashin, hula na nan daram, saboda tsohon fenti wani yana da dalma. Kuma ka kewaye wajen da tamfol, ka yayyafa ruwa kafin shara, kar almajirai su zo su zauna kallo.

Ta ƙarshe wata baiwar Allah ce daga Kazaure, maigidanta ya shekara shida a wannan aiki, kullum ya tashi yana shan madarar gwangwani wai tana wanke ƙirji, yanzu ga tari da haki.

Yar'uwa, madara ciki take zuwa, ƙura kuma huhu, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ki lallaɓa shi ya je babban asibiti a yi hoton ƙirji da gwajin majina, domin mai silikosis ya fi saurin kamuwa da tarin fuka, shi kuma tarin fuka yana warkewa, maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ya gaya wa likita aikin da yake yi da shekarun da ya yi a ciki, kar ya ce tari kawai. Kayan aikinsa kuma kar a kakkaɓe su a tsakar gida inda yara suke, a jiƙa su tukuna sannan a wanke daban. Allah ya ba shi lafiya.