Maƙwabciyata Kirista ce, ƴan bindiga sun kashe mijinta

TAMBAYA: Inna, barka da aiki. Wata baiwar Allah daga yankin Makalondi ta kama ɗaki a gidanmu da yara uku. Ƴan bindiga ne suka kashe maigidanta don shi ke jan addu'a a majami'ar ƙauyensu. Ina so in taimaka, amma surukata ta ce ba a ba Kirista sadaka. Ya zan yi? Ƴarki daga Harobanda, Yamai.

AMSA: Ƴata, Allah ya yi miki albarka. Ina jin surukarki zakka take nufi, ita ce akasarin malamai suka ce ta Musulmi ce. Sadaka da kyauta kuwa ba a hana ba. Ki roƙi malamin unguwa ya karanta mata aya ta 8 a Suratul Mumtahana, wadda ta ce Allah bai hana kyautata wa waɗanda ba su yaƙe ku kan addini ba, cikin ladabi, uwa ce. Ga kuma haƙƙin maƙwabtaka, wanda bai tambayi addinin kowa ba.

Mu da muke Yamai a Janairun 2015 mun ga hayaƙin majami'u 45 da ƴan sanda suka ce an ƙona a garin nan, rayuka goma suka salwanta tsakanin nan da Damagaram. Matar nan ta san labarin, ga nata ciwon a kai. Don haka kada ki yi mamaki in ta yi ɗari-ɗari da ke. Kada ki matsa mata da "yaya aka yi?", kuma ina roƙonki, kada kowa ya haɗa tiyar gero da maganar ta musulunta. Wadda aka kashe wa miji kan addininsa, in aka sa mata wannan sharaɗi, an fama mata gyambo ne.

Abin da ya fi damuna shi ne takardu. Mai gudun rai ba ta tsayawa neman takardar haihuwa, kuma yara za su buƙace ta a lakwal, musamman lokacin jarrabawa. Ki raka ta ofishin magajin gari ku tambayi yadda ake samun ta yaran da ta shaidar rasuwar uban. In lokacin yin rajista ya ƙure, kotu za a tura ku. Ki sanar da fastonta, wataƙila ya san masu shaida daga ƙauyen.

Sannan ki tambaye ta sana'ar da ta iya. In tuyar ƙosai ce, jika goma zuwa ashirin za su tayar da ita, ku sa ta cikin adashenku, ku ba ta kwasar farko.