Yaya aka yi katun ɗin Japan ya game duniya?

Tambaya: Ƙannena ba su da hira sai ta anime, wato katun ɗin Japan. A da yara kaɗai na sani da kallon katun, yanzu har magidanta. Me ya jawo haka, kuma ta yaya yayi ke tsallakawa daga wasu mutane zuwa wasu?

Amsa: Malam, arha ce ta fara buɗe masa ƙofa. A 1963 mai zanen katun Osamu Tezuka ya fara fitar da katun ɗin Astro Boy kowane mako a talabijin ɗin Japan. Don aiki ya yi sauri sai ya rage zane: kimanin hoto 8 a daƙiƙa maimakon 12 ko 24, wani wurin ma baki kaɗai ke motsi. Abin da tasha ke biya ba ya mayar da kuɗin aiki, ribar tana wajen kayan wasa da sayar wa ƙasashen waje. Tashoshin da ke neman abin cike lokacin yara kuwa suka yi ta saye. Katun ɗin Grendizer ya shiga Faransa a 1978 da sunan Goldorak, Larabawa suka raɗa wa Captain Tsubasa suna Kaftin Majid.

Sai dai yara kawai talabijin ta kama. Manya ta hannun masoya suka shigo. A Amurka, tun shekarun 1980, ƙananan ƙungiyoyi kan samo kaset daga Japan, daga baya suka riƙa sa masa fassara a ƙasa, su kwafa, su aika wa juna ta gidan waya. Crunchyroll, shafin kallon anime a intanet, shi ma da irin wannan kaya ya fara a 2006, kafin ya koma sayen lasisi.

A nan amsar tambayarka ta biyu take. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna a 1973 cewa sabon labari ya fi zuwa ta wajen wanda kuka yi sanin shanu, domin amininka abin da ka sani shi ya sani. Ɗan ajinku da ke zama a wata majalisa, ko mai tura fina-finai a waya, shi ne gadar.

Jin labari kaɗai ba ya isa idan abin da kunya a ciki. Magidanci ba zai ce yana kallon katun ba sai ya ga sa'o'insa biyu-uku sun faɗa ba a yi musu dariya ba. Kyautar Oscar da fim ɗin anime Spirited Away ya ci a 2003 ta taimaka wajen rage wannan kunyar. Inda yayi ke maƙalewa kuwa shi ne inda fassara ta yi muni, ko data ta yi tsada, ko 'yan farko suka riƙa raina sabbin shiga har suka kore su.