Jirgin Awo da tambayar abokina

Abokina, saƙonka ya iso, ƙanwarka ce ta karanta mini, don idon nan ya daina shiri da ƙananan rubutun waya. Na yi dariya sosai. Wai kai da ka karanta lissafi a jami'a, an ɗauke ka aikin jin ra'ayin jama'a a kwamitin kamfen na wani ɗan takara, sai ka tarar an ware kuɗin saukar Alƙur'ani da na raguna da na wani mai bugun ƙasa, kuma sun ninka na ofishinku. Kana tambaya ko al'adar kakanni ce, kuma ko ya halatta ka sa hannu a takardar kuɗin. Da dariyar ta lafa kuma sai jikina ya yi sanyi, don ban san ka yi nisa haka a harkar nan ba.

A zaɓen tarayya na Disambar 1959 ina ɗan elementare, da yamma kuma ina makarantar allo. NPC ta Sardauna alamarta fartanya, NEPU ta Malam Aminu Kano tauraro, Action Group ta Awolowo kuwa bishiyar kwakwa. Awo ne ya shigo Arewa da abin da ba mu taɓa gani ba, jirgi mai saukar ungulu. Ranar kasuwa ce, hantsi ya dubi ludayi, sai muka ji ƙara daga gabas kamar ana ɓarin duwatsu. Kafin a ankara abin ya tsaya cak a saman filin Idi, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ƙura ta turnuƙe, awaki suka tsinke igiya, wata mai fura ta kifar da ƙwaryarta ta ranta a na kare. Dogarin hakimi ya zo da gudu zai kori mutane, iska ta warware masa rawani, ya bar mutanen ya bi rawanin. Tsofaffi sai salati suke. Mu yara kuwa ko a jikinmu, muna ta wawar takardun da ake watsowa daga sama masu hoton mutumin da hularsa da tabarau. Kafin la'asar mai ƙosan bakin kasuwa ta tara nata, da su ta yi ta naɗe wa mutane ƙosai har mako ya zagayo.

Da dare magana ta canja. Aka baza cewa takardun nan asiri ne, duk wanda ya kwana da ita a ɗaki hannunsa zai kai ƙuri'a akwatin kwakwa ko bai so ba. Aka bi gida-gida ana karɓewa ana ƙonawa. Aka kuma aika wa malaman gari da goro da kuɗi, a taru a yi addu'ar karya abin. Malaminmu na allo ya je, amma ya mayar da kuɗin. Ina zaune ina wanke allo na ji yana gaya wa mahaifina, wato kakan babanka, cewa jirgin nan ƙarfe ne da fetur, ɗan Adam ya ƙera shi da ilmin da Allah ya ba shi, kuma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Addu'a kuwa zai roƙi Allah ya zaɓa wa talakawa mafi alheri, amma ba zai karɓi sisin kowa ba, don wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Aka yi zaɓe, maza kaɗai, don matan Arewa ba su da ƙuri'a a lokacin. Mutum ya shiga bayan labule, ya jefa takardarsa a akwatin da ke ɗauke da alamar da yake so. NPC ta tashi da kujeru 134 cikin 312, Action Group 73. A garinmu fartanya ce ta ci, aka yi ta cewa addu'a ta yi aiki. Mahaifina dai murmushi ya yi, ya ce a tambayi mai karɓar haraji da alƙalin En'e. Kowa ya san abin da ke samun wanda aka ji ya ce Sawaba, taken NEPU, da ƙarfi.

To ka ga neman addu'a wajen malamai ya girme ni. Sarakuna ma kafin su fita yaƙi sai sun nema. Sai dai da can da daddare ake zuwa, a ɓoye, mutum na jin nauyin a gan shi. Yanzu sai an kira mai ɗaukar hoto tukuna a buɗe izu na farko, kafin a shafa fatiha an sa a Facebook. Wani ma a kan mumbarin Juma'a zai ambaci sunan ɗan takara. Wannan kam ba mu gada ba, kuma mu da muka zuba ido har ya zama ruwan dare muna da namu kason na laifi. Bugun ƙasa kuwa babu ruwansa da sauka, kada ka bari a haɗa maka su a layi ɗaya. Hadisi ne sananne cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in.

Amma kai ma kada ka ɗaga mini kafaɗa da lissafinka. A 1979 doka ta ce sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya sami kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi 19. Shagari ya samu a 12, a Kano ya tsaya a kashi 19.94 cikin ɗari. Lauyansa Richard Akinjide ya ce ai biyu bisa ukun 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, ba 13 ba, don haka abin da ya samu a Kano ya wadatar, Kotun Ƙoli ta amince. Ba malami ba ne ya yi wannan, 'yan boko ne da alƙaluma, kuma har gobe in aka tayar da zancen a majalisarmu sai an rabu baram-baram.

Batun sa hannu, ka bari sai ka zo hutun Sallah, ka taho da takardar in ga yadda aka rubuta ta. Kafin nan ga tawa tambayar. Mutanen da kuke bugawa waya kuna jin ra'ayinsu, su wane ne? Kakarka ba ta taɓa fashin zaɓe ba tun 1979, ita ke gaya wa matan layin nan inda za su dangwala, wayarta kuma kullum tana hannun jikoki suna wasa da ita. Ka duba mini ko tana cikin lissafin naku.