Amsa kan Kolosiyawa 2:14

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wannan aya tana nufin Shari'ar Musa ce aka kafa a kan gicciye. A ganina, abin da manzo Bulus ya ce an soke a wannan aya shi ne takardar bashin da ke kanmu, wato laifofin da Shari'a ta tona, domin aya ta 13 maganar gafarar zunubai take yi. Ɗan kasuwar Agege da aka yafe wa bashi, ai ba a ba shi izinin cin amana ba. Haka ma a Romawa 6:14-15, da Bulus ya ce muna ƙarƙashin alheri, nan take ya hana mu mai da wannan hujjar yin zunubi. Batun dokokin abinci da kiyaye ranar Asabar kuwa, Kolosiyawa 2:16 ta ce kada kowa ya hukunta mu a kansu.