Ƙashi ya koma, saura aikin tsoka

Ƙanina, na ga saƙonka. Sannu, Allah ya sa kaffara ne. Ka ce maɗori ya mayar maka da kafaɗar da ta goce a filin ƙwallo can Tudun Wada, kana tambaya mu Hausawan Ingila wa yake mana ɗori.

A nan asibiti ake kai mutum, sashen gaggawa. Sai an ɗauki hoto an tabbatar babu karaya, a ba shi maganin kashe zafi, sannan a mayar da ƙashin a rataye masa hannu. Ba a karɓar ko sisi a wurin, domin hukumar lafiya ta NHS da haraji take tafiya tun kafa ta a 1948. Dattawanmu har gobe suna kewar man shanu da tofin maɗori, kuma ban ga laifinsu ba, sana'ar gado ba abin rainawa ba ce.

Sai dai zaman nan ya koya mana cewa mayar da ƙashi somin taɓi ne. Kafaɗa ta fi sauran gaɓoɓi saurin gocewa, saboda gurbin da kan ƙashin yake zaune ba shi da zurfi, tsokoki huɗu da jijiyoyi ne suke riƙe da shi. In ba a ƙarfafa su ba sai ta sake fita, musamman ga matashi irinka. Shi ya sa ake haɗa mutum da likitan gashin ƙashi. Da farko za a ce ya sunkuya, ya dafa tebur da lafiyayyen hannun, ya saki mai ciwon yana lilo a hankali. Daga baya ya tsaya gaban bango yana hawa da yatsu, kullum a ɗan ƙara. Can gaba sai jan roba, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Yawanci sai an ci sati 12 zuwa 16 kafin a ce an warke sosai.

Mu kuma jama'a muna da namu aikin. Wani zai ɗauke shi a mota zuwa Juma'a tunda ba a tuƙi da hannu a rataye, a masallaci a ajiye masa kujera in sujada ta gagara, gidaje su riƙa aiko da tuwo. Ranar Lahadi in mun fita ƙwallo yana zuwa, amma usur muke miƙa masa ya yi alƙalanci. Komai magiyarsa ba mai sa shi a wasa sai likita ya yarda. Tafiya a ƙasa yake farawa da ita, sai keke, iyo da ƙwallo su zo ƙarshe.

Don Allah kada abokai su zuga ka ka koma fili don zafi ya lafa. Ka shiga asibitin koyarwa na Shika, akwai sashen gashin ƙashi, su duba ka su tsara maka atisaye. In kuwa kana jin hannun yana mutuwa ko yatsu ba ƙarfi, gobe da safe za ka tafi. Ka gaida Hajiya.