Landfall: isa gaci ne, ba zaftarewar ƙasa ba

Tambaya: Malam, a rahoton wata mahaukaciyar guguwa na ga Turawa sun ce ta yi "landfall", wani kuma ya fassara da cewa ƙasa ta zaftare. Haka ne? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, wannan fassara ba daidai ba ce. Zaftarewar ƙasa "landslide" Turawa ke ce mata. Kamannin kalmomin biyu ne ya ruɗi mai fassarar.

"Landfall" asalinta maganar matuƙan jiragen ruwa ce tun ƙarni na 17. Idan an daɗe a teku ba a ganin komai sai ruwa da sama, ranar da aka fara hango tudu, ko aka isa gare shi, ita ce suke kira haka. Shi ya sa littattafan tarihi ke amfani da ita ga isar matuƙin jirgin ruwa Columbus tsibirin Guanahani na Bahamas ranar 12 ga Oktoba, 1492. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne Bature ya haɗa hange da isa a kalma guda, alhali Bahaushe ya raba su tuntuni da ya ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. A nan "kai gaci" ita ce ta fi dacewa, domin gaci bakin ruwa ne, kuma mukan ce magana ta kai gaci idan ta zo ƙarshe.

Amma a yau a bakin masana yanayi aka fi jin ta, kuma ma'anarta a wurinsu ƙayyadajjiya ce: lokacin da tsakiyar guguwa, wadda suke kira idonta, ta tsallako daga teku ta hau tudu. Ruwa da iska kan riga ta isowa da sa'o'i, suna yaye rufin kwano da tumɓuke itatuwa, amma ba a cewa ta sauka sai idon ya ƙetare gaɓa. Haka guguwar Katrina ta yi a jihar Louisiana ta Amurka ranar 29 ga Agusta, 2005, haka kuma guguwar Idai kusa da birnin Beira na Mozambik a watan Maris na 2019. Da zarar ta hau tudu ƙarfinta kan fara raguwa, tunda ɗumin ruwan teku ne ke ciyar da ita.

Ina roƙon masu fassara labarai kada su ce guguwa ta kai gaci, don Bahaushe zai ɗauka an tsira ne. A ce guguwar ta afka wa gaɓar teku, ko ta sauka a gari kaza.